Yadda Auta Ta Koyi Karatu a Garejin Gidana

'Yan uwa, musamman mutanenmu na Damagaram da Maraɗi da Tasawa da Allah ya ajiye mu a nan Gombe. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba komai ya jawo ba illa hidimar Tudun Hatsi, kun dai san yadda kakar wake da riɗi take. Yau kuma ba maganar farashi na zo da ita ba. Maganar 'yata ce Auta, da wani abin kunya da ya same ni a cikin falona wajen ƙarshen shekarar 2023, wanda na daɗe ina tunanin in faɗa ko in bar wa cikina.

Wata rana bayan sallar isha'i aka kawo mini takardar magani daga kemis, na nemi tabarau na rasa. Sai na kira Auta na ce ta karanta mini. A lokacin tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi a nan GRA, irin wadda mota ke zuwa ɗaukar yara, kuma kuɗin zango guda ya kai a sayi buhunan wake masu yawa. Yarinya ta riƙe takarda tana kallo, ta dube ni, ta sake kallon takarda. Na ce to, wataƙila rubutun likita ne. Na ce ta ɗauko littafinta na Turanci. Ta buɗe shafi ta zuba shi tiryan-tiryan kamar ruwa. Har na fara murna, sai wani abu ya ce mini in rufe hoton da hannu, in nuna mata kalma ɗaya a tsakiyar layi. Shiru. Na nuna wata. Shiru. Ashe haddace shafin ta yi da ka, hoton ne ke gaya mata inda za ta kama.

Uwargida tana gefe tana jinmu, sai ta ce, "Alhaji, ai ni na daɗe da lura. Tsoro nake in faɗa ka ce me na sani a boko." Wallahi wannan maganar ta fi yi mini ciwo.

Da na je makarantar, malamar ajin ta karɓe ni da mutunci, ba zan ɗauki alhakinta ba. Amma bayaninta shi ne wai laifin daga gida yake, muna yi wa yarinya Hausa da yawa. Ta ce su a nan duk yaron da aka kama yana Hausa ko Fulatanci ko Tangale sai ya biya tarar naira 50. Ina jin haka sai na tuna lakwal ɗinmu a Damagaram. Wanda ya yi karatu a Nijar a zamaninmu ya san sambol, wani ƙashi ko katako da ake rataya wa yaro a wuya idan aka ji ya yi Hausa, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai sauke wa kafin a tashi, domin wanda aka tashi da shi a wuyansa shi mushe zai zane. Na sha shi ba sau ɗaya ba. Abin da ya koya mana shi ne mu yi shiru a aji. Shekara arba'in da wani abu, a wata ƙasa, da wani harshen Bature, ga shi na zo na tarar da sambol, kuma ni ke biyan kuɗinsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ita wannan Auta tana zuwa makarantar allo ran Asabar da Lahadi a Tudun Wada tare da 'ya'yan mai gadinmu, kuma a can ba a taɓa cewa ƙwaƙwalwarta na da nauyi ba. In aka rubuta mata sabon allo tana iya haɗa baƙi da wasali ta fitar da kalma tun kafin a biya mata. Yaro ɗaya, kai ɗaya, a nan tana karatu, a can ba ta yi. Sai na shirya na je wajen malamin na zauna har aka tashi.

Mai karatu, dukkanmu mun yi allo, amma ban taɓa zama na dube shi da idon mai neman dabara ba sai ranar. Yara sun fi talatin a zaure, kowa da allonsa, kuma da wuya ka sami biyu a wuri ɗaya. Wannan yana babbaƙu, yana ta alu, ambaki, wau, zal. Na kusa da shi ya shiga farfaru. Wani gardi a can gefe yana jin tilawar wasu uku. Na tambayi malam yaya yake gane inda kowa yake. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, ai allon ne ke faɗa. Ba a wanke wa yaro allo sai ya biya. In ya biya yau a yi masa ƙari yau, in sai wata mai zuwa, to sai wata mai zuwa. Mu ba mu da satin jarrabawa." Na ce to in babba ya zo bai san komai ba fa? Ya ce, "Sai ya fara daga alu, ko da gemunsa."

A hanyar komawa gida na yi ta juya wannan magana. A boko aji ne ke tafiya, kalanda ke jansa. An rubuta cewa mako na shida za a yi kaza, to za a yi shi, ko rabin aji ba su gane na mako na biyu ba. Auta ta ɓace tun aji ɗaya, aka yi ta wucewa da ita, kowace shekara ana ba mu sakamako mai kyau da hoto da rigar biki. Kada wani ya ce ina wanke makarantar allo tas. Na san bulalarta, na san yaran da muke gani da roba a bakin tasha da gidajen mai, na kuma san mutum kan sauke bai san ma'anar abin da ya karanta ba. Amma wannan abu guda, wato a kama yaro daga inda yake, malaman zaure sun riƙe shi, mu masu biyan kuɗi mun sake shi.

Akwai ɗan ƙanena da ke zaune a ɗakin baya yana karatun koyarwa a Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke nan Gombe. Da na ba shi labari sai ya ce, "Baba, ai wannan da ka gani yanzu har suna gare shi a duniya." Ya ce wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta ga yara suna kaiwa aji biyar ba su iya karanta littafin aji biyu ba, sai ta fito da tsarin koyar da yaro daidai matakinsa. A gwada kowane yaro shi kaɗai na 'yan mintoci, a ga ko bai san komai ba, ko ya san harafi, ko kalma, ko sakin layi, ko yana iya karanta labari. Sai a raba su bisa wannan, a manta da shekaru da aji na awa ɗaya ko biyu a rana. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019, suna cikin waɗanda suka yi shekaru suna gwada tsarin, suka ga yana aiki. A shekarar 2019 ɗin ma an fara shi a makarantun gwamnati na Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano, kuma da Hausa ake fara karatun. Na ce masa, wato sai da allo ya je Indiya ya dawo sannan muka yarda da shi.

Muka fitar da mota daga gareji muka shimfiɗa tabarmi. Yara tara muka fara da su: Auta, 'ya'yan mai gadi uku, na maƙwabta biyar. Da aka gwada su, babban ɗan mai gadi da ke makarantar gwamnati ya fi kowa, abin da bai yi wa wasu daɗi ba. Aka kasa su uku. Ba littafi a farko, alli ne da simintin ƙasa. Ba, be, bi, bo, bu. A haɗa bu da hu, yaro ya ji bakinsa ya ce buhu, sai ka ga ya zabura, domin ya san buhu, yana ganinsa kullum a bayan motata. Wake, mudu, riɗi, tasha. Lissafi kuma da marafan kwalba da tsinken tsintsiya, goma-goma a ɗaure da zare. Sauƙin Hausa shi ne wasali biyar ne, kuma harafi ba ya canza murya daga kalma zuwa kalma. Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi maka kuka uku. Yaron da ke fama da gane yadda rubutu ke aiki, kuma yana fama da harshen da bai ji ba, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda.

Ba a yi wata ɗaya ba wani maƙwabcina ya janye 'ya'yansa biyu. Ya ce mini, cikin raha amma da gaske yake, bai tare a GRA don 'ya'yansa su zauna a tabarma suna ba-be-bi ba. Ban ji haushinsa sosai ba, don ni ma da haka nake. Mu baƙi mun fi kowa wannan tsoro. Mun zo ƙasar da takardunmu na Faransanci ba su da amfani, mun sha wuya a ofisoshi saboda rashin Turanci, shi ya sa in muka ji yaro ya ce gud monin da lanƙwasa harshe sai mu ɗauka an gama. Ita ma uwargida ta tambaye ni, jarrabawar shiga sakandare da Hausa za a yi ta?

Tambayarta tana kan hanya, kuma ba mu muka fara yin ta ba. A garinmu Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Nijar a 1973, inda ake fara wa yara da Hausa kafin a shigo da Faransanci. A nan Najeriya Farfesa Babs Fafunwa ya fara irin nasa a Ile-Ife a 1970, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda, kuma da aka auna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a firamare, sai kuma a Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan tsari, aka koma Turanci. Ni dai ɗan kasuwa ne, amma na san ba a cewa iri bai yi ba alhali ba a kai shi gona ba. Littattafai nawa aka buga, malamai nawa aka horar a cikin shekara ukun?

Bayan kamar wata huɗu, Auta ta karanta mini shafi guda na Magana Jari Ce, tana tuntuɓe tana tashi, ta kai inda ya ba ta dariya ta yi dariya. A nan na san ta ji abin da ta karanta. Turancin ya biyo baya a hankali, kuma har yanzu rubutunta na Turanci yana da gyara, ba zan yi muku ƙarya ba. Sai dai yanzu in ta ga baƙuwar kalma tana kama ta gaɓa-gaɓa, ba ta neman hoto. Ban cire ta daga makarantar ba, kuma na biya naira hamsin-hamsin ɗin nan fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Da sallar bara ta rubuta wa kakarta wasiƙa da Hausa, muka ba direban da ke zuwa Damagaram, aka sami wani jika ya karanta wa tsohuwa.

Abin da zan roƙi kowa shi ne, yau da dare ka kira ɗanka, ka rufe hoton da hannu, ka nuna kalma ɗaya a tsakiyar layi. Mu dai muna nan muna zama ran Alhamis da Juma'a bayan la'asar, tunda ranakun ba allo. Yanzu yara goma sha huɗu ne, garejin ya kusa cika, wanda zai kawo nasa ya haɗo shi da tabarma da kwalin alli.