Glenrio: Garin da Hanya Ta Juya wa Baya

A wani shagon tsofaffin kaya da ke birnin Amarillo na Jihar Texas na fara cin karo da su: taswirorin hanya jibge cikin kwali, kowace ɗauke da tambarin Texaco, Gulf ko Esso. Shekaru da dama gidajen mai na Amurka suna raba su kyauta, ba don tsabar alheri ba, sai don direba ya yi nisa, tankinsa ya ƙare, ya dawo. Ƙarancin man fetur na 1973 ne ya karya wannan al'ada. Yanzu masu sha'awa ke farautarsu da kuɗi, suna adanawa kamar takardun gado.

Na sayi ɗaya ta shekarun 1950, na bar ta ta yi mini jagora zuwa yamma. Bayan tafiyar kimanin awa ɗaya ta kai ni Glenrio, kan iyakar Texas da New Mexico. A takardar, gari ne mai rai a bakin Route 66, titin da aka buɗe a 1926. A ƙasa kuwa, kufai na tarar: gidan mai ba famfo, masauki ba baƙo, ciyawa ta tsaga kwalta. Babban titin I-40 ya ratsa gefensa, kasuwa ta bi shi, mutane suka bi kasuwa.

Injiniyoyin da suka ja sabon layin ba su da ƙiyayya da Glenrio. Minti kaɗan kawai suke son ragewa matafiyi. Daga inda nake tsaye ina jiyo rugugin manyan motoci, babu wadda ta rage gudu.