Maganin da Ba Ya Gaggawa

A kasuwar Adjame ta birnin Abijan, a gefen da ake kira Roxy, mata sukan baza ƙwayoyin magani a faranti sai ka ce gyaɗa. Wanda barci ya ƙaurace masa yakan je can ya sayi diyazefam ko taramol, a daren nan kuwa ya ji sauƙi. Amma maganin da likita ke bayarwa don ciwon baƙin ciki mai tsanani yakan yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa. Wannan jinkiri ya hallaka 'yan'uwa da yawa, domin ba wanda ya gaya musu dalilinsa.

Akwai wani ɗan'uwa, mutumin Maraɗi, mai sayar da garba a Treichville. Ya daina cin abinci, ya daina zuwa sujada, yana kwana idonsa biyu yana cewa Allah ya yashe shi. Waɗansu a ikilisiya suka ce ƙarancin bangaskiya ne, waɗansu suka ce aljanu. Daga baya aka kai shi wurin likita, aka rubuta masa amitiriftilin. Ya sha kwana 10, bai ga kome ba sai bushewar baki da gyangyaɗi, sai ya zubar da sauran. Bayan wata 2 matarsa ta tarar da shi yana neman raba kansa da duniya.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwar mutum tana da ƙwayoyin jijiya wajen biliyan 86, ba su kuwa manne da juna ba. Tsakanin ɗaya da ɗaya akwai ɗan rata, kamar ruwan da ke tsakanin Treichville da Plateau, sai an haye. Masu hayewa da saƙo su ne sinadarai irin su serotonin da noradirenalin. In sun isar da saƙo, ƙwayar da ta aiko su takan janye su. Amitiriftilin yana hana wannan janyewa, haka ma fuluwozetin wanda aka amince da shi a Amurka a 1987. Cikin sa'o'i kaɗan 'yan aiken sun yawaita a ratan.

To, me ya sa mutum bai warke a ranar ba? Domin ɗan aike iyakarsa bakin ƙofa. Yana ƙwanƙwasawa, sai na cikin gida su miƙa maganar hannu zuwa hannu har ta kai tsakiyar ƙwayar, inda ake ba da umurnin ƙera sababbin sinadarai. Ɗaya daga cikinsu, mai suna BDNF, yana taimakon jijiyoyi su yi sababbin rassa su sāke haɗuwa. Reshe kuwa ba ya tsiro a dare ɗaya. Masana yanzu ba su yarda cewa ciwon ƙarancin serotonin ne kawai ba. Talauci, rashi, kaɗaici da gādo duk suna da hannu a ciki.

Ya mai karatu, ka tuna da annabi Iliya sa'ad da ya roƙi mutuwa a jeji. Mala'ika bai tsauta masa ba, abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya yi barci, sa'an nan ya sāke ba shi. Aikin ikilisiya ke nan a makonnin jira: wani ya riƙa ƙirga masa ƙwayoyin, wani ya raka shi a gbaka zuwa asibitin masu ciwon hankali na Bingerville, ko sashen lafiyar hankali na cibiyar INSP da ke Adjame. Ɗan'uwan nan ya koma kan maganinsa, a mako na 5 ya fara cin tuwo, likita kuma ya ce kada ya bari sai bayan aƙalla wata 6 da samun sauƙi.

Akwai kuma waɗanda baƙin cikinsu ke juyewa ya zama zumuɗi marar iyaka, su ƙi barci, su watsar da dukiya. Su sau da yawa litiyom ake ba su, wanda likita John Cade ya gwada a Ostareliya a 1949. Shi can cikin ƙwayar yake aiki, yana rage ƙarfin masu miƙa saƙon. Sai dai yana bukatar gwajin jini a kai a kai, kuma a zafin Abijan, zawo ko doguwar azumi ba ruwa na iya sa ya taru a jini ya zama guba.