Idona Rawaya, Hantata Lafiya

A wurinmu, ido in ya yi rawaya sunansa ɗaya: shawara. Kafin ka buɗe baki an jiƙo maka saiwa. Ni kuwa tun ina budurwa nawa idon ke sauya launi duk watan azumi, sai bayan salla ya washe. Da aka yi min gwajin jini a Yamai, aka tabbatar babu ciwon hanta nau'in B, babu sikila, sai likita ya ce larurar Jilber ce. Gadonta ake yi. Sunan wani likitan Faransa ne da ya bayyana ta a 1901. Hanta kalau take, nawa kawai take yi wajen tace sinadarin bilirubin, wanda ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini sun tsufa. Yunwa, ƙishirwa, zazzaɓi da gajiya ke tayar da ita.

Bayan haihuwa huɗu, tsokar cikina ta rabu biyu, fata ta zubo, bayana kullum ciwo. Ɗaurin jego bai mayar ba. Da na ce zan je Tunusiya a yi min tiyatar gyaran ciki, Inna ta ce, “Ke da hantarki ba ta da ƙwari, me ya kai ki? Kwalliya ba ta kai rai ba.” Maganarta ta zauna min, don aikin ba na ceton rai ba ne, ga ƴaƴa huɗu suna kallona.

Tiyata kuwa ta tara duk abin da larurar ba ta so. Sai an bar abinci awa 6 kafin allurar barci, ga fargaba, ga rauni. Shi ya sa tun ganin farko na ajiye wa likitan barci takardun gwajina. Ya sa ni a layin safe don kada yunwa ta yi tsawo, ya yarda in sha ruwa har saura awa 2, aka ɗaura min ƙarin ruwa mai sukari. Suka ɗinke tsokar, suka yanke rarar fata, suka gyara wa cibiya mazauni.

Kwana biyu da aiki idona ya yi rawaya. Da ba a san tarihina ba, da hankali ya tashi, a shiga neman ko magani ya taɓa hanta ko jini na zuba a ciki. An dai sake gwaji don a tabbata, sauran alamomin hanta suka fito daidai. Da na fara cin abinci, launin ya janye cikin mako.

Mako 6 na yi da ɗamarar ciki, kwanakin farko a duƙe nake tafiya kamar tsohuwa. Ba zan ce wa kowace mace ta je ko ta fasa ba. Amma wadda idonta ke rawaya, ta fara neman sunan abin da ke damunta, ta kuma faɗa wa mai riƙe da wuƙa kafin ta kwanta.