Daga Tireshbil zuwa Dajin Banko a kan Keke

Da yawa daga cikinmu mun shekara ashirin ko talatin a Abijan, amma saninmu da birnin bai wuce tsakanin gida, masallaci da rumfar kasuwa ba. Wannan ya sa muka bi sawun samarinmu masu sha'awar tseren keken daji, domin mu ga hanyar da suke bi da abin da suke nema.

Tafiyar takan fara ne daga Tireshbil bayan sallar asuba. Unguwar ta samo sunanta daga Bafaranshe Treich-Laplène, kuma tun bayan buɗe tashar jiragen ruwa a 1951 ta zama masaukin baƙi daga Nijar, Najeriya, Mali da Burkina Faso. A nan ma ake ganin layin dogon da aka raɗa wa suna Abijan-Nijar, wanda ya isa Wagadugu a 1954, bai kuwa taɓa shiga Nijar ba. Daga nan sai a haye gadar Houphouët-Boigny ta 1957, a ratsa Filato da dogayen benayenta, a nufi arewa.

Ajame ba ta san hutu ba. A titin Nangui Abrogoua, kusa da babban masallaci, motocin gbaka da woro-woro da masu tura amalanke da masu dako duk suna neman hanya ɗaya. Mai hankali yakan sauka ya tura kekensa. A wannan kasuwa ce samarin ke neman taya, sarƙa, birki da famfo, sababbi da na hannu, kuma wurin masu gyaranta suka koyi faci da ɗaurin waya. A gefen hanya ga masu garba, wato acake da soyayyen kifi, abincin da ya ɗauki sunan Bahaushe saboda 'yan Nijar ne suka yi fice wajen sayar da shi.

Abin mamaki shi ne, tafiya kaɗan daga wannan hayaniya sai ga dajin Banko. An mai da shi gandun ƙasa a 1953, faɗinsa ya haura hekta 3,000, kuma Ajame da Abobo da Yopugon da Atekube sun kewaye shi. Da shigarmu iska ta sauya, ƙarar motoci ta ɗauke, manyan itatuwa suka rufe rana. Hanyoyinsa na ƙasa ne, ga hawa ga gangara, ga saiwoyi a kwance, ga taɓo mai santsi idan damina ta kankama a watan Yuni. Irin wannan wuri ne ake buƙata domin atisaye.

Tseren keken daji ya bambanta da na kwalta, irin zagayen Burkina Faso da aka fara a 1987. A nan ana shata da'ira ce ta 'yan kilomitoci, 'yan tsere su tashi gaba ɗaya, su yi ta zagaya ta na kimanin sa'a ɗaya da rabi. Keken yana da faffaɗar taya mai ƙuraje, da giya mai yawa, da abin da ke shanye girgiza a gaba. Ƙarfin ƙafa kaɗai ba ya isa. Wanda ya fita da gudu tun farko yakan gaji a zagaye na uku, wanda kuma ya danne birkin gaba a gangara yakan sha ƙasa. Dole ne hular kwano, da ruwan sha, da sanin lokacin sauya giya kafin a kai ga tudu.

Wasan ya shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996, kuma Afirka ba ta zama 'yar kallo ba. Adrien Niyonshuti, Musulmi ɗan Ruwanda da ya rasa 'yan'uwansa a kisan ƙare dangi na 1994, shi ya riƙe tutar ƙasarsa a Landan a 2012, ya kuma kammala tseren. A Faris a 2024 Alan Hatherly na Afirka ta Kudu ya ci lambar tagulla.

Mun san damuwar iyaye: tsoron haɗari, tsadar kaya, da ganin cewa keke abin yara ne ko na marar hali. Amma yaron da zai tashi da asuba domin atisaye ba zai kwana a bakin titi ba, kuma jiki amana ne da za a tambaye mu a kansa. Shawararmu ita ce a bar su su yi, bisa sharaɗin kiyaye salla a kan lokaci, da suturar mutunci, da karatu, da bin dokar masu gadin gandu, kada a yar da leda ko a karya reshe. Magidanta kuma su ware rana guda su kai iyali Banko, ko da a ƙafa ne.

Allah Ya tsare mana zuriya, Ya ba ƙasar da ta karɓe mu zaman lafiya. Amin.