Muryar tsoho a kan faifai

A shekarar 2006 wani ɗan kasuwar wake na Sabon Maci, cikin ƙasar Dakoro, ya sauka Maraɗi da kaset guda a aljihu. A cikinsa akwai muryar mahaifinsa marigayi, yana zayyana iyakokin gonakinsa gaban shaidu. Zaren ya fara cinyewa, ƴan uwa kuma sun fara gunaguni, sai ya ƙudura a maida muryar kan faifan sidi.

Yaron da ya tarar a wata rumfa kusa da babbar kasuwa ya juye muryar cikin ordinater, ya buɗe Nero, lojisiyel ɗin Jamus da ya fito a 1997. A wancan zamani masu kwafar faifai da yawa da shi suke aiki, domin reshensa Nero Express ba ya wahalar da kowa: a zaɓi abu, a danna, faifai ya fito. Yaron ya sa gudu mafi girma, kafin shayi ya huce ya gama.

Da Alhaji ya koma gida ya tara dangi, muryar ta yi tsalle daidai wurin gonar arewa. Aka yi tsit. Wani ƙane ya yi murmushin da ya fi zagi ciwo.

Laifin ba na lojisiyel ba ne. Nero na da wurin da ake umartarsa ya sake karanta faifai bayan ƙonawa, ya gwada shi da asali. Yaron bai taɓa shi ba, don layi ya yi tsawo, faifan kuma na araha ne.

Wani sakataren ofis, abokin Alhaji, shi ya warware masa zancen. Ya ce hanyar da ke cikin Windows XP tun 2001 ita ta fi sauƙi, amma ba ta tantance abin da ta rubuta. CDBurnerXP kyauta ne, yana kuma tantancewa. ImgBurn, na 2005, ma'abota sana'a sun amince da shi, sai dai aiki da shi na buƙatar sani. Nero ya haɗa sauƙi da tantancewa, in an ba shi lokaci.

Allah ya sa Alhaji bai yar da kaset ba. Suka sake aikin a hankali, da ƙaramin gudu, suka yi faifai biyu, suka saurari kowane har ƙarshe. Gonar arewa ta koma ga mai ita.

Yau faifai ya ba katin waya wuri, amma darasin na nan, ya ku masu karatu. Sauƙin na'ura ribar mai rumfa ce. Amincinta kuwa haƙƙin mai kaya ne. Duk wanda zai damƙa takardar gado ko lissafin bashi ga na'ura, ya duba kwafin kafin ya saki asali. Hausawa sun ce sauri kan haifi nawa.