Abin da Gara Ta Bari

A ƙuryar wani gida a Kano akwai akwatunan ƙarfe uku, irin waɗanda ɗaliban kwana ke tafiya da su makaranta. Mai gidan ɗan fansho ne, ya yi shekara 35 yana aikin gwamnati, kuma duk unguwar an shaide shi da kamun kai. Kaɗan ne suka san abin da ke cikin akwatunan: mujallun labari cikin hoto, waɗanda yara ke kira komik, kowace a ledarta, an jera su bisa lamba.

Abin ya samo asali ne a 1970, yana ɗan shekara goma. A lokacin kamfanin Drum na fitar da wata mujalla mai suna African Film, wadda ta karaɗe Najeriya da Gana da Kenya. Hotunan mutane na gaske ne aka jera, aka maƙala musu magana a baki. Jaruminta, Lance Spearman, baƙar fata ne mai kwat da malafa, yana farautar miyagu, babban abokin gabarsa kuwa Rabon Zollo. Shi da abokansa huɗu sukan haɗa kwabbansu su sayi guda ɗaya, su zauna gindin darbejiya kai da kai. Wanda ya fi ba da kuɗi shi ke tafiya da ita gida, saboda haka ya koyi haƙura da ƙosan safe.

Daga baya ne ya gane abin da ya kama shi. A akwatin hoto na farko jarumi ya ɗaga hannu, a na biyu mugu yana kwance. Ba a nuna naushin ba. Mai karatu ne ke kai shi da kansa a ɗan farin filin da ke tsakani. Wato rabin labarin a kansa ake yin sa, shi ya sa yake jin nasa ne. Ga kuma dabarar masu bugawa: su yanke labari daidai inda numfashi ya tsaya, su buga lamba a bango. Wanda ke da ta 13 da ta 15 ba ya samun sukuni sai ya ga ta 14.

Mahaifinsa bai ga karatu a ciki ba. Ran da ya same shi da tarin a ƙarƙashin tabarma, sai ya ɗaga ɗaya da yatsu biyu ya ce, "Kai, wannan ne bokon da nake biya?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, Turanci nake koya a ciki." Gaskiya ya faɗa, amma ba ita ce gaskiyar duka ba, kuma uban ya sani. Aka ba da umarni a fitar da su daga gidan. Mahaifiyarsa ta tausaya, ta zuba su a kwali ta tura bayan buhunan hatsi.

Ya tafi makarantar kwana, damina ta zo ta wuce. Da ya dawo hutu ya jawo kwalin, sai gindinsa ya zube. Gara ta shiga ta ƙasa ta mai da abin da ya tara ƙasa. Uku kacal suka tsira, su ma da cin gefe. Ya ruga wurin mai jarida, aka ce masa ai an daina buga mujallar. A ranar ya fahimci abin da bai taɓa kawowa a ransa ba, cewa abin da ake sayarwa a kowace kwana yana iya ɓacewa ƙaf. Kafin wannan rana mai karatu ne shi kawai. Bayanta ya zama mai adanawa.

Haka abin yake ko'ina aka san wannan sha'awa. An ƙirƙiri komik ne don a karanta a yar, a kan takarda mafi araha. A Amurka, fitowar farko ta Action Comics, wadda ta gabatar da Superman a 1938, santi goma aka sayar da ita. A 2024 an yi gwanjon kwafi ɗaya a kan dala miliyan 6. Abin da ya kai ta can shi ne yawan waɗanda suka salwanta: an tattara tsofaffin takardu don bukatun Yaƙin Duniya na Biyu, iyaye mata sun share ɗakuna, a wasu garuruwa har ƙona su aka yi a bainar jama'a. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya fitar da littafi yana zargin komik da lalata tarbiyya, har wani kwamitin majalisar dattawan ƙasar ya zauna a kai. Ashe mahaifinsa yana da abokan ra'ayi a ƙetaren teku. A nan gida kuwa ba a bukaci wuta ba. Mai ƙosai da mai tsire da gara sun wadatar.

Da ya fara ɗaukar albashi, sai ya shiga bin masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa, daga Sabon Gari zuwa Kaduna, har Legas idan aiki ya kai shi. Ya sayi Ikebe Super, wadda Wale Adenuga ya fara a 1976, ko da yake barkwancinta ya sa ba ya barin ta a falo. Wani abokinsa ɗan Maraɗi ya riƙa kawo masa Tintin da Asterix da Faransanci, yana bin su da ƙamus. Littafin Tintin na tafiyar Kwango ya ɓata masa rai saboda yadda aka zana baƙar fata kamar sakarkaru, amma bai yar ba. A ganinsa, wanda ke adana abin da ya yi masa daɗi kaɗai, ba tarihi yake adanawa ba.

Gara ta koya masa sauran darasin. Akwatunan ba sa taɓa ƙasa, a kan bulo suke. Ba ya barin rana ta haska shafi, domin ita ke gaggauta jan da irin wannan takarda ke yi har ta kakkarye. Da damina yana duba wayar da ta ɗinke tsakiyar kowace mujalla, kada tsatsa ta ci shafi. Da hunturu kuma yaƙinsa da ƙura ne.

Uwargidansa ta taɓa jin labarin gwanjon nan, ta ce, "Malam, to namu nawa za su yi?" Ya yi dariya, don ya san babu mai tayawa. Amma tambayar ta bar masa wata damuwa. Ran da za a raba gadonsa, gida da mota suna da ƙima. Akwatunan nan kuwa wataƙila a kira mai tsire ya kwashe.

A hutun da ya wuce, ya tarar da jikarsa ta dukufa kan waya. Malika take karantawa, labarin zane na Roye Okupe game da wata sarauniya mayaƙiya da aka gina bisa tarihin Amina ta Zazzau. Ya tsaya a kanta yana kallon yadda idonta ke tsallake farin filin nan daga akwati zuwa akwati. Sai ya shiga ƙurya ya fito da ɗaya daga cikin ukun da gara ta bari.

Ta juya ta a hankali ta ce, "Kai tsoho, wannan ai ɓera ma ya ƙi ta." Ya ce, "Karanta dai, amarya." Ta karanta har bangon ƙarshe, inda labarin ya yanke jarumi na cikin tsaka mai wuya. Ta ɗago ta ce, "Ina ta gaba?"

Ya ce, "Shekara hamsin ke nan ina nemanta." Ya ciro makullin akwatin farko daga aljihu ya miƙa mata, ya ce ta wanke hannu tukuna.