Shafin da Cutar Baba Ta Buɗe

Shekara biyu Baba yana tashi fitsari sau biyar a dare, bai gaya wa kowa ba. Ni ɗan fari ne, ko sunana ba ya faɗa, balle ya kawo mini zancen mara. Sai ranar da fitsarin ya tsaya cak muka ɗauke shi daga Dakoro zuwa Maraɗi. Aka auna PSA a jininsa, aka ɗebi tsoka aka duba. Likita ya ce kansar furostat ce, wato ƴar ƙabar da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wadda hanyar fitsari ta ratsa.

Da aka rubuta masa allura duk wata uku, ya tambaye ni: "Malam, me za ta yi mini?"

Na ce: "Baba, ku ɗauka ajina ne. Littafi ɗaya ke hannun kowane yaro, amma shafin da na ce a buɗe shi ake karantawa."

Haka jiki yake. Ƙwayar ido da ta hanta da ta furostat duk littafin gado ɗaya suke ɗauke da shi, DNA; shafukan da aka buɗe ne suka bambanta. A furostat, mai ba da umarni shi ne sinadarin mazantaka, testosteron. Yakan shiga ƙwaya, ya haɗu da wani furotin mai karɓarsa, su manne a kan DNA, su buɗe shafukan girma da na yin PSA. Ƙwayar kansa da wannan umarnin take hayayyafa ba tsayawa. Tun 1941 Charles Huggins ya nuna a Chicago cewa rage sinadarin yana lafar da cutar, ya sami kyautar Nobel a 1966. Aikin allurar Baba ke nan. Sai dai a kwana a tashi wasu ƙwayoyin kan yawaita furotin ɗin, har ɗan abin da ya rage ya ishe su. Shi ya sa gano ta da wuri ya fi.

Ba kowace wahalar fitsari ce kansa ba. Sau da yawa kumburin tsufa ne. Amma awo ne ke rarrabewa, kuma cutar ta fi kama baƙar fata da wanda mahaifinsa ya yi ta.

Malamai da iyaye, in kun ji butar tsoho tana yawan motsi da dare, ku tura amininsa ya tambaye shi. Ni kam na riga na gaya wa ƙannena, kuma na je an auna ni.